Tuffar da Ta Girmi Makaranta

Nura ɗan Alhaji Sale ne ya ja min wannan dogon zance. Ranar Asabar bayan la'asar muna tsaye bakin motoci a Beltsville, na ji shi yana gaya wa abokansa wai aikin Baba Hamman, wato ni, ai hutu ne: ka ɗare injin yankan ciyawa, ka toshe kunne da waƙa, ka yi ta zagaye fili har a tashi. Suka kwashe da dariya. To madalla. Tunda ku samarin nan kun san aikin haka, ku zauna in ba ku labarin bishiya ɗaya tak da ta kusa ƙarewa a hannuna. In na gama sai ku faɗa min ko injin ne ya cece ta.

Ni mutumin Adamawa ne, daga wani ƙauye a gefen Numan. Babanmu yana da lambun mangwaro a bakin rafi, kuma tun hannuna bai iya riƙe fartanya da kyau ba ya koya min auren mangwaro, wato ka yanko reshen mai daɗi ka haɗa shi da gindin wani, su zama itace ɗaya. Ƙetaren lambun akwai makarantar mishan ta 'yan Lutheran. Mu Musulmi ne, amma da ƙararrawarsu muke sanin lokacin tashi daga ban ruwa. Da na zo ƙasar nan a farkon shekarun dubu biyu, tasi na fara ja kamar kowa, har bayana ya soma kawo ƙara.

Wata rana na ɗauko wani dogon dattijo Bature daga wurin masu sayar da dashe. Yana rungume da ƙaramin itace a cikin buhu, na ce ya sa a but ɗin mota, ya ƙi, ya zauna da shi a cinya kamar jariri. Na leƙa ta madubi na hango tabon haɗi a gindin itacen. Na ce masa, “Baba, wanda ya haɗa wannan hannunsa na da kyau.” Ya ɗago ya dube ni, ya ce, “Ka san aikin ne?” Na ce da shi na tashi. Ashe mai kula da filin wata makarantar sakandare ce ta 'yan Lutheran a nan ɓangaren Maryland, sunansa Mista Walta, kuma gwiwoyinsa sun gaji, yana neman mataimaki. Da muka isa ƙofar makarantar aka buga ƙararrawa, wallahi sai na ji kamar ina bakin rafinmu. A makon nan na mayar da tasin.

Aikin da ya fara ba ni shi ne wasa ƙarfe. Ban taɓa injin ba sai da na daɗe. Ya kai ni ɗakin kayan aiki ya jera min almakashin reshe, da zarto mai lanƙwasa, da shebur, da manjagara, ya ce in kaifafa su, in shafe su da mai, in rataye kowanne a ƙusarsa. In ka yanka reshe da almakashi mai dakushi ba yanka ka yi ba, tauna ka yi, kuma ta nan cuta ke shiga. In ka taɓa itace mara lafiya, sai ka goge bakin ƙarfen kafin ka taɓa wani. Akwai wata 'yar wuƙa mai ƙotar ƙaho da ba ta kwana a ɗakin, kullum tana aljihunsa. Ta babansa ce, gefe ɗaya kawai ake wasa ta, kuma ba ta yankan komai sai itace. Wata rana ya ga na shimfiɗa kwali ina sallar azahar tsakanin buhunan taki. Washegari na tarar ya kwashe buhunan, ya share lungun, ya kafa ƙusa ta rataye darduma.

Masu ba mu aiki kuwa, kai! Kocin ƙwallo yana son a aske ciyawa ƙwal kamar kan jariri ranar suna, alhali in ka yi haka da zafi ƙonewa za ta yi. Iyaye suna son furanni amma ba sa son ƙudan zuma. Malamar kimiyya tana son a bar mata ciyayi su yi tsawo don yara su ga ƙwari. Kowa sai ka ce masa to, sannan ka je ka yi abin da ƙasa za ta iya ɗauka. Da kaka ganye ya rufe ko'ina, da hunturu kai ne za ka riga kowa zuwa ka kwashe dusar ƙanƙara, ka watsa gishiri a matakala kada ɗan wani ya karye.

Amma duk wannan aikin gefe ne. Uwar aikin tana bayan ɗakin ibada: wata tsohuwar bishiyar tuffa, mai gindi kamar mutum biyu sun rungumi juna. Ta girmi makarantar. Mista Walta ya ba ni labarin muna rage mata rassa, shi a ƙasa yana nuni da sanda, ni a kan tsani. Wurin duka gonar babansa ce. Lokacin da iyalan coci-cocinsu suka haɗa kai za su gina wa 'ya'yansu sakandare, babansa ya ba da gonar, su kuma suka riƙa zuwa kowace Asabar, maza da mata, suna ɗaukar bulo da hannunsu. Shi Walta yana yaro ya tura baro a ginin. Tsohon ya kafa sharaɗi biyu. Na farko, kada a rufe ƙofa ga yaron maƙwabta saboda launinsa ko addininsa, a zamanin da faɗin haka yana jawo wa mutum jifa. Na biyu, kada a sare tuffar da mahaifiyarsa ta dasa, kuma kada a sayar da ɗanta ko ɗaya.

Daga nan al'adar ranar tuffa ta samo asali. Kowace kaka, 'yan ajin ƙarshe ne ke hawa su tsinko. Kowanensu zai nemi sabon ɗalibi ya sa masa ɗaya a hannu ya ce masa, “Nan gidanku ne.” Sauran a zuba a kwanduna, a shiga bas, a kai wa tsofaffi da marasa galihu har can unguwar Southwest. Tuffar ba ta da kyan gani, ƙarama ce, ɓawonta garje-garje, a kanti ba wanda zai kalle ta. Amma ka gatsa ka ji! Zaƙi da ɗan tsami, da wani ƙamshi da ke tsayawa a hanci. 'Yata a makarantar nan ta yi karatu da ɗankwalinta, kuma na tsaya daga bayan baro na ga wata yarinya 'yar fasto ta sa mata tuffa a hannu. Na ji daɗin ranar nan, ba zan ɓoye muku ba.

Ga abin da ba ku sani ba. In ka shuka ƙwallon tuffa, ba uwar za ka samu ba, wata aba ce daban za ta fito, sau tari mai tsamin da ko akuya sai ta yamutsa fuska. Hanya ɗaya ce ta ajiye irin: a yanko reshenta a yi masa aure da wani gindi. Irin wannan tsohuwar kuma babu ita a wurin masu sayar da dashe, ko suna ba ta da shi. 'Ya'yanta da Mista Walta ya taɓa haɗawa, cuta ta ƙone su kafin zuwana. Kowace shekara sai in ce, “Baba, mu yi mata aure mana.” Sai ya dafa gindin ya ce, “Ai tana da ƙarfi, badi ma rana ce.” Bai taɓa zaunar da ni a kan yadda ake yi ba. Shi ya ɗauka na sani, ni ma na ɗauka na sani.

Sai muguwar shekara ta zo, kuma ba ita kaɗai ta zo ba. Tattalin arziki ya karye, iyaye suka rasa ayyuka, wasu suka rasa gidaje, kujeru suka yi ta zama wayam a azuzuwa. A hunturun da ya biyo aka zuba dusar ƙanƙarar da ban taɓa gani ba, nauyinta ya tsaga tuffar gida biyu. Muka ɗaure rabin da ya rage da igiyar ƙarfe. Ana fara ɗumi Mista Walta ya faɗi a bakin famfo, ɓarin jikinsa ya shanye. Kafin a rufe makaranta firinsifal ta kira ni ofis, idonta jawur, ta ce, “Hamman, kwamiti ya yanke. Za mu sayar da filin, mu koma ginin wani coci, ƙarami ne amma ƙofar ba za ta rufu ba.” Na ce, “Bishiyar fa?” Ta ce masu saye gidaje za su gina, bayan sabuwar shekara za su kawo injuna. Ta ce ta roƙe su, sun ce wurin hanyar mota ce a zanensu.

Na fito raina a ɓace, na ce ai ba zan tsaya kallo ba. Ana tsakiyar zafi, ruwa yana sauka, itatuwa sun yi shar. A lissafin gidanmu lokacin aure ke nan, domin mangwaro sai yana cikin ƙoshi, ruwa na gudana a jikinsa, ake haɗa shi. Na yanko kawunan rassa ɗanyu shataf, na haɗa su da wasu ƙananan tuffa da na samo, na ɗaure, na rufa musu leda kamar yadda babanmu yake yi. Aikin ya yi kyau ƙwarai, har na tsaya ina yaba kaina. Ina! Ba a jima ba suka dahu a cikin ledar, suka yi baƙi, ko ɗaya bai kama ba. Ga bishiyar rabi ce, ga na rage mata rassan kirki a banza.

Na kwashi busassun na kai wa Mista Walta gidan jinya a Annandale, kusa da 'yarsa Ana. Bakinsa ya karkace, magana da ƙyar, sai Ana ta kara kunne ta maimaita min. Ya juya sandunan da hannun da ke motsi, sai na ga kafaɗarsa tana rawa. Na tsorata, ashe dariya yake yi.

Ana ta ce, “Wai yana tambaya, a garinku itace yana barci?”

Na ce, “A'a, namu ba ya barci.”

Ta sake kara kunne. “Wai wannan tana barci. A cikin barcinta ake yanka, sai sanyi ya kama sosai, ganye ya zube duka. Ka ajiye a firij, sai ta kusa farkawa ka haɗa.”

Na ce, “Baba, injuna fa za su zo bayan sabuwar shekara.”

Ya kama hannuna ya matse, da kansa ya fitar da kalmar: “Jira.” Sannan ya yi wa Ana nuni da durowa. Ta ciro wuƙar nan mai ƙotar ƙaho ta miƙo min. Har na kai ƙofa ta kira ni, wai ya ce kada in kuskura in ajiye sandunan wuri ɗaya da 'ya'yan itace, iskar da suke fitarwa tana kashe idon reshe.

Jiran nan shi ne aiki mafi wuya da na taɓa yi. An kwashe makaranta, an bar ni gadin fili babu kowa, babu ƙararrawa. Da kaka aka kawo yara a bas suka tsinke ɗan abin da rabin bishiyar ta yi, suka tafi. Shekarar kuma sanyi ya yi nawa, ganye ya ƙi zubewa, kullum in zo in ɗaga kai in ce, haba baiwar Allah, ki kwanta mana! Masu awo suka zo suka kafa tutoci, ɗaya a gindinta. Aka kewaye filin da waya. Sai da sabuwar shekara ta shiga sanyi ya kama na gaske, irin mai sa yatsu su ƙi lanƙwasuwa. Da safen da na ɗauko tsani, motar da ta kawo katafila tana bakin ƙofa. Na roƙi shugaban ma'aikatan ya ba ni kafin azahar. Ya dubi tsanin, ya dube ni, ya ce in yi sauri. Na hau na zaɓi rassan da suka fito bara, miƙaƙƙu, kaurin fensir, masu ido a kwance. Na naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma na sa a leda. Ban tsaya ganin sarar ba, amma ina cikin mota na ji ƙarar zarton.

A gida kuma wata shari'ar ce. Uwargidana Dija ta buɗe firij ta ce, “Malam, mene ne wannan? Makamashi ka fara tarawa?” Na ce mata daga yau babu lemo, babu ayaba, babu tumatir a firij ɗin nan sai bazara. Ta riƙe haɓa ta ce, “Tabɗi! Mutane suna kawo wa matansu nama, ni nawa tsinke yake kawowa, har da dokar hana tumatir.” Amma fa ita ce ta riƙa duba tsumman tana yayyafa masa ruwa in ya soma bushewa, kuma ita ta mayar da kayan miyarta firij ɗin maƙwabciyarmu, ta yi ta hawa da saukar bene duk hunturun.

Da watan Afrilu ya kama, idon itatuwa ya fara kumbura, na zauna a bayan gida da ƙananan gindin da na yi oda. Ku saurara, nan ne aikin yake. Za ka yi wa reshen yankan karkace, dogo, da jan wuƙa ɗaya, ba a komawa. Ka yi wa gindin irinsa. Ka tsaga kowanne kaɗan, ka sarƙa su su kama juna. A ƙarƙashin ɓawo akwai wani siririn kore, shi ne ran itacen, in na sama bai haɗu da na ƙasa ba ka yi aikin banza. Ba a taɓa fuskar yankan da yatsa. Ka ɗaure da roba, ka toshe kan da kakin zuma. Na san babu wata bishiyar da zan koma in sake yankowa. Na yi bismilla a kan kowanne.

Sai kuma jira. Kullum bayan asuba ina tsugune a gabansu kamar mai gadin tukunya. Yawancinsu suka bushe. Wata safiya Dija ce ta ƙwala min kira, “Malam, zo ka ga tsinkenka!” Ido ɗaya ya fashe, ɗan kore kamar kunnen ɓera. Bayan kwana biyu wani ma ya buɗe. Biyu suka rayu. Ɗaya na bar shi a bayan gidana, ɗaya na dasa a sabuwar makarantar, a wani ɗan tsirin ƙasa tsakanin bango da wurin ajiye motoci. Na kewaye shi da waya saboda barewa, domin barewar ƙasar nan ba ta da kunya ko kaɗan.

Shekaru suka wuce kafin ta makarantar ta yi fure. A tsakanin nan makarantar tana nan a matse, ana ranar tuffa da ta kanti, ja mai sheƙi, yaran suna cewa “nan gidanku ne” kamar yadda aka saba. Ni kam duk ranar sai in tsaya nesa, ina kewar tsohon filin da inuwar nan ta bayan ɗakin ibada. Na bi ta wurin sau ɗaya, gidaje ne reras iri ɗaya, na kasa gane ko inda gindin yake. Ban sake bi ba.

Shekarar da ta fara 'ya'ya, 'yan kaɗan ne, ana iya riƙe su a hula. Suna kore tukuna Ana ta kira ni ta ce jikin Baba ya yi nisa, in ina son ganinsa in zo. Na san ba su nuna ba. Tuffa ba a launi ake gane ta ba, a ƙwallo ne, sai ya yi baƙi-baƙi. Duk da haka na tsinko ɗaya na sa a aljihu.

Na tarar da shi ya rame, yana kallon taga. Na gaishe shi, ya amsa min kamar yadda ake amsa wa baƙo. Ana ta yi min raɗa cewa ya daina gane mutane, ita ma wani lokacin nas yake ce mata. Na zauna na ciro tuffar, na ciro wuƙarsa, na raba ta biyu na sa masa a tafin hannu. Ya kai hanci ya shinshina, ya daɗe a haka. Ya murza ɓawon da babban yatsa. Sai ya ce, a fili yadda ko ni na ji, “Ta kakata ce.” Ana ta rufe baki ta juya baya.

Ya matso da ita kusa da ido, ya ga ƙwallon fari fat. Nan take ya haɗe rai irin na da, ya dube ni ya ce, “Wa ya tsinke wannan? Ba ta nuna ba. Kai, ka je ka nemi Hamman. Shi ba zai tsinke ta yanzu ba, shi ya san jira.”

Na ce, “To Baba, zan gaya masa.”

Kafin ƙwallon sauran ya yi baƙi an binne shi. Da suka nuna, 'yan ajin ƙarshe suka tsinke su ba tare da tsani ba, aka yanyanka ƙanana don ya isa kowane sabon ɗalibi. Ina kewar dattijon nan har yau, musamman in sanyi ya kama na fito da wuƙar zan wasa.

Yanzu gwiwoyina ne suka gaji, kuma bishiyoyin biyu ne kacal a duniya. Ni ba zan ce badi ba. Saboda haka Nura, kai da abokan dariyarka, in ganye ya zube sanyi ya kama sosai, zan aiko a kira ku. Ku zo da safar hannu, ku bar abin toshe kunnen a gida. Kuma kowa ya fara lallashin mahaifiyarsa tun yanzu, domin firij ɗin Dija ba zai ɗauke mu duka ba.